Muhawara: An san sunayen mutum 32 na Virginia Tech, wa ya san adadin yaran Buni Yadi?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so masu ilimi a cikinmu su taya ni duba ta. A ranar 16 ga Afrilun 2007, wani ɗalibi a jami'ar Virginia Tech da ke garin Blacksburg a Amurka ya harbe mutum biyu a ɗakin kwanan ɗalibai da sassafe, bayan kimanin sa'o'i biyu kuma ya shiga wani ginin ajujuwa, ya ɗaure ƙofofi da sarƙa, ya kashe wasu 30, sannan ya kashe kansa. Washegari Shugaba George Bush ya je jami'ar da kansa domin zaman makoki, aka sassauto da tutoci, gidajen rediyo da talabijin na duniya suka kwashe kwanaki ba su da wani labari sai wannan. Har a nan ƙauyenmu mun ji labarin wani tsohon farfesa mai suna Liviu Librescu, ɗan shekara 76, wanda ya tsira daga kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa a Turai, ya tare ƙofar ajinsa da jikinsa har ɗalibansa suka fice ta taga, shi kuma aka harbe shi.

Kwana biyu kacal bayan haka, ranar 18 ga Afrilu, bama-bamai suka tashi a Bagadaza suka kashe mutum kusan 200, akasarinsu a kasuwar Sadriya. Wata uku kafin nan an kai hari jami'ar Mustansiriya, ita ma a Bagadaza, aka kashe kimanin mutum 70, mafi yawansu ɗalibai da suka taso daga darasi. Ban taɓa jin sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. To ina tambaya, mece ce ke sa wata mutuwar ta girgiza duniya, wata kuma ta wuce kamar an jefa tsakuwa a rijiya?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni a ganina amsar ba ta da nisa: wanda yake da kyamara da tauraron ɗan'adam shi yake yanke wa duniya wanda za a yi wa kuka. Ku tuna da watan Janairun 2015. An kashe mutum 17 a birnin Paris cikin kwana uku, farawa da harin da aka kai ofishin jaridar nan mai zanen barkwanci, Charlie Hebdo, sai ga shugabannin ƙasashe fiye da 40 sun jeru a titi ranar 11 ga wata suna tattaki, har da shugabanmu na lokacin, Mahamadou Issoufou. A cikin wannan makon dai Boko Haram ta afka wa garin Baga da ƙauyukan kewayensa a bakin tafkin Chadi. Sojojin Najeriya suka ce mutum 150 suka mutu, wasu mazauna yankin suka ce adadin ya kai dubu biyu, kuma babu shugaban da ya taka ƙafa domin mutanen Baga. Tarzomar da ta biyo baya a garinmu da Yamai kan zanen jaridar a tsakiyar wannan watan kuwa ba sai na maimaita ta ba, domin har yau abin kunya ne da takaici.

A Nuwamban wannan shekarar ma haka aka yi. Ranar 12 ga wata aka kashe mutum 43 a wata unguwa a kudancin Beirut, ranar 13 aka kashe 130 a Paris. Kamfanin Facebook ya buɗe wa mutanen Paris manhajar sanar da dangi cewa mutum yana lafiya, bai buɗe wa mutanen Beirut ba. Sai da aka yi masa ca, sannan da bom ya tashi a Yola bayan 'yan kwanaki ya buɗe ta a can. Idan wannan ba fifita wani jini a kan wani ba ne, ina so a gaya mini sunansa.

Maman Sadik:
Yaya Ɗan Damagaram, ban musanta abin da ka faɗa ba, amma a yi adalci. Idan aka yi rasuwa a gidan maƙwabcina, nakan kwana uku ina zirga-zirga da kwanon abinci, idan kuwa a rediyo na ji an yi haɗarin mota a wata jiha, iyakata in ce Allah ya jiƙansu in ci gaba da aikina. Ba don ran waɗancan bai kai na maƙwabcina ba, sai don haka aka halicci zuciya. Gidan talabijin na Amurka na Amurkawa ne, dole ya fi damuwa da 'ya'yansu. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne me ya sa namu gidajen jaridun suke bin sahunsu.

Baban Hanifa:
Ina gaishe da manyanmu. Na shekara goma sha ɗaya ina zaune a Amurka, 'ya'yana biyu suna makarantar firamare a nan, kuma akwai abin da nake so in gyara a tunanin da ake yi cewa kowane ran Ba'amurke yana samun irin wannan gatan. Hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuma mutane ne da suka kashe kansu. Sauran, mafi yawansu kisa ne na ɗaiɗaiku a unguwannin talakawa, inda baƙaƙen fata matasa suka fi kowa mutuwa, kuma irin wannan ko jaridar garin ba ta cika ba shi fiye da layi uku ba. Harbin kan mai uwa da wabi a makarantu ɗan ƙaramin kaso ne na wannan adadi. Abin da ya sa yake ɗaukar hankali shi ne yana faruwa a wurin da masu hali suka ɗauka 'ya'yansu suna cikin aminci. Saboda haka bambancin da Yaya Ɗan Damagaram yake gani tsakanin Paris da Baga yana nan a cikin Amurka ita kanta, tsakanin wannan unguwa da waccan.

Na biyu, kukan da ake yi ba ya nufin an gyara. A ranar 14 ga Disamban 2012 aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai tare da ma'aikata shida a makarantar Sandy Hook a jihar Connecticut. Shugaba Obama ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida. Bayan wata huɗu aka kawo ƙudurin da zai faɗaɗa binciken tarihin mai sayen bindiga, ya samu ƙuri'a 54 a majalisar dattawa alhali ana buƙatar 60, ya mutu a nan. Ƙasa ce da wani bincike ya ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga kusan miliyan 393 a hannun fararen hularta, wato sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma kotun ƙolinsu ta yanke a 2008 cewa kundin tsarin mulki ya ba kowane mutum 'yancin ajiye bindiga a gidansa. Abin da ya canza a zahiri shi ne yanzu ana koya wa 'yata mai shekara bakwai yadda za ta kashe fitila ta ɓuya a lungun aji ta yi shiru, kamar yadda aka koya mana jerin gwano a asambile.

Ɗan Damaturu:
Na so in yi shiru, amma tunda an ambaci Baga bari in yi magana a matsayin wanda irin wannan ya faru a jiharsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu tuhumi Bature da rashin yi mana kuka, mu duba abin da muka yi wa kanmu a Yobe cikin wata takwas. A watan Yulin 2013 aka shiga makarantar sakandare ta Mamudo kusa da Potiskum da daddare, aka kashe ɗalibai da malami. A ƙarshen Satumba aka shiga kwalejin aikin gona ta Gujba, aka harbe ɗalibai fiye da 40 suna barci. Sannan a daren 25 ga Fabrairun 2014 aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, aka tara 'yan mata aka ce su koma gida su yi aure, aka cinna wa ɗakunan kwanan maza wuta, wanda ya fito aka harbe shi ko aka yanka shi.

Yara nawa aka kashe a Buni Yadi? 'Yan sanda sun ce 29, majiyar asibiti a Damaturu ta ce 59. Tazarar rai talatin ke nan, kusan adadin duk waɗanda aka kashe a Virginia Tech. Wannan makaranta ce ta gwamnatin tarayya, mai rajista, mai littafin kiran suna, kowane yaro da fayil ɗinsa da lambar shigarsa. Hedimasta ya fi ni sanin cewa malamin aji ɗaya zai iya gaya maka wanda bai zo ba cikin minti biyar. Amma ga shi shekaru sun shuɗe ana rubuta lambobi biyu a jarida. Kuma kwana biyu bayan kisan, aka ci gaba da bikin cikar Najeriya shekara ɗari da haɗewa a Abuja, da baƙin shugabanni har da na Faransa. An yi tir da harin a jawabi, gaskiya ne, amma ba a ɗage komai ba. Wane Bature ne ya hana a ɗage?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ka taɓa ni a inda yake mini ciwo. Shekara 31 na yi ina riƙe da rajista, kuma na rantse ko awaki ne suka ɓace daga gonar makaranta sai an tambaye ni adadinsu a rubuce. Na karɓi gyaran da ka yi wa tambayata. A harabar Virginia Tech an kafa duwatsu 32, kowanne da sunan mutum guda, cikinsu har da 'yan Masar da Indiya da Indunusiya, kuma duk ranar 16 ga Afrilu ana taruwa a karanta sunayen. Ɗalibai ne suka fara jera duwatsun da hannunsu kafin hukumar jami'a ta mayar da su na dindindin. Ashe duniya ta san sunayen ne domin masu gawar sun riƙa faɗar su.

Na tuna da abin da 'yan Kenya suka yi. Da Al-Shabab ta kashe mutum 148 a kwalejin jami'a ta Garissa ranar 2 ga Afrilun 2015, su ma sun yi ƙorafin cewa duniya ta yi musu ko oho idan aka kwatanta da Paris, amma ba su tsaya a ƙorafi ba. Matasansu sun hau intanet suna saka hoton kowane ɗalibi da sunansa da abin da yake karanta, suna cewa waɗannan ba lamba ba ne, suka kuma taru a wani dandali a Nairobi suka kunna kyandir. Mu kuwa da aka kai hari tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, aka kashe Kiristoci masu ibada har da farfesoshi biyu, da kuma wanda aka kai kwalejin ilimi ta tarayya a Kano a Satumban 2014, mutum nawa ne a wannan zauren za su iya kawo sunan ɗalibi guda?

Lauyan Talakawa:
Allah ya ja zamanin Hedimasta. Suna da dutse suna da muhimmanci, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na mai aikin shari'a shi ne abin da ake yi da takarda bayan an binne gawa. Gwamnan Virginia na lokacin, Tim Kaine, ya kafa kwamitin bincike, kuma kafin ƙarshen watan Agustan 2007 an wallafa rahoton kowa ya karanta. Rahoton ya nuna cewa hukumar jami'ar ta jinkirta sanar da ɗalibai, domin an yi harbin farko da misalin ƙarfe bakwai da kwata na safe amma saƙon gargaɗi bai fita ba sai kusan tara da rabi. An kuma gano cewa tun 2005 wata kotu ta ce maharin haɗari ne ga kansa saboda taɓin hankali, ta umarci ya nemi magani, amma ba a shigar da sunansa cikin kundin waɗanda aka hana sayar wa makami ba, shi ya sa ya sayi bindigoginsa biyu ba tare da matsala ba. Saboda wannan giɓin aka yi sabuwar dokar tarayya da Bush ya sa wa hannu a Janairun 2008, jihar kuma ta amince ta biya iyalai dala miliyan 11.

A Birtaniya, bayan an kashe yara 16 da malamarsu a garin Dunblane na Sikotlan a Maris ɗin 1996, alƙali ya yi bincike a bainar jama'a, iyaye suka tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane, zuwa 1997 aka haramta wa fararen hula mallakar ƙananan bindigogi. A Ostareliya, bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a Afrilun wannan shekarar, gwamnatin John Howard ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Ina so a nuna mini rahoto guda da aka wallafa a kan Buni Yadi, wanda ya bayyana wanda ke da alhakin tsaron wurin a wannan daren, da dalilin da ya sa maharan suka kwashe sa'o'i ba wanda ya tare su. Ni dai ban taɓa riƙe irinsa a hannuna ba. Kuma ina ganin muna da hannu a ciki, domin da zarar uba ya buɗe baki zai yi tambaya sai mu ce masa ya yi haƙuri, kwana ne ya ƙare.

Malam Na Zaure:
Barista, a nan sai na ɗan ja maka birki. Haƙurin da ake ba mai makoki ba shi ne ya hana bincike ba, kuma bai kamata a ɗora wa addini sakacin hukuma ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Shari'ar da ta ce a yi haƙuri ita ce ta tanadi ƙisasi da diyya, kuma malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan gawar da aka tsinta ba a san wanda ya kashe ta ba, domin kada jinin mutum ya tafi a banza. Haƙuri tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Tambayar wanda aka ba amanar yaro yadda aka yi yaron ya mutu kuwa haƙƙi ne, kuma mai mulkin da ya ce wa uba ya yi haƙuri don ya rufe bakinsa, ya ari kalmar ne ya yi abin da ba nata ba.

Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne muna gaggauta jana'iza, kamar yadda aka umarce mu, kuma sau da yawa dangi sukan ɗauke gawarsu kafin wani jami'i ya rubuta komai. Wannan yana cikin dalilan da adadi yake rikicewa. Amma rubuta suna ba ya ɗaukar lokacin da haƙa kabari yake ɗauka.

Lauyan Talakawa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Da yadda ake amfani da kalmar nake, ban da asalinta.

Baban Hanifa:
Ina so in ƙara wani abu don kada a ɗauka hayaniyar da ake yi a nan alheri ce zalla. Maharin Virginia Tech, a tsakanin harbinsa na farko da na biyu, ya je gidan waya ya aika wa tashar NBC hotunansa da bidiyonsa, tashar kuma ta watsa su, har wasu iyalan mamatan suka fasa hirar da suka yi alkawarin yi da ita. A cikin saƙon nasa ya yabi yaran nan biyu da suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya a makarantar Columbine a 1999. Wato shaharar da aka ba na farko ita ta ja na baya. Shi ya sa da aka kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a Maris ɗin 2019, firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ta ce ba za ta taɓa ambaton sunan maharin ba, ta roƙi mutane su riƙa faɗar sunayen waɗanda aka kashe. Na lura Hedimasta ma bai kawo sunan yaron ba tun farko, ban sani ba ko da gangan ne.

Iyayen yaran Sandy Hook kuma sun sha wata azabar daban, domin wani mai shirin rediyo, Alex Jones, ya shekara da shekaru yana cewa ƙarya ce aka shirya, mabiyansa suka riƙa bin iyayen da zagi da barazana, sai a 2022 kotuna suka ci shi tarar fiye da dala biliyan ɗaya. Duk wanda ya tuna yadda wasu suka riƙa cewa sace 'yan matan Chibok siyasa ce kawai zai gane cewa wannan ciwon babu ƙasar da ta tsira daga gare shi.

Tsohon Hedimasta:
Da gangan ne, Baban Hanifa. Na san sunansa.

Ɗan Damagaram:
Na saurari kowa, kuma na yarda Ɗan Damaturu ya fi ni gaskiya a wani ɓangare, ko da yake ban janye maganata a kan kafofin watsa labarai na Turai ba. Amma akwai misalin da ke nuna cewa mu ma mun iya riƙe mamatanmu idan akwai mai riƙewa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, a zamanin Janar Ali Saibou, jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy da ke Yamai, hukuma ta ce uku suka mutu. Har yau ƙungiyar ɗaliban Nijar tana fitowa duk shekara a wannan ranar, ana kiran sunayensu, kuma wannan kisan yana cikin abubuwan da suka tura ƙasar zuwa babban taron ƙasa na 1991. Mutum uku ne, amma suna da ƙungiyar da ta ƙi mantawa. A Najeriya ma na ji manya suna maganar ɗaliban da 'yan sanda suka harbe a Jami'ar Ahmadu Bello a Mayun 1986, har aka kafa kwamitin Janar Abisoye. Yaran Buni Yadi da Mamudo 'yan sakandare ne, 'ya'yan manoma da ƙananan ma'aikata, ba su da ƙungiyar da za ta fito titi dominsu.

Maman Sadik:
Akwai kuma abin da ba a faɗa ba. Wata biyu bai cika ba tsakanin Buni Yadi da Chibok, amma duniya ta ɗauki Chibok har matar shugaban Amurka ta ɗaga kwali. Wasu suna cewa don mata ne, ni kuwa ina ganin don suna raye ne, akwai abin da za a nema a yi, sannan akwai mata a Abuja da suka riƙa zama kullum a dandali ɗaya suna ƙirga kwanaki, aka fitar da adadi 276, aka fitar da sunaye da hotuna. Duk da haka ina roƙon a yi hattara da batun sunaye. Ina da ƙawa da ta rasa ƙanenta a ɗaya daga cikin waɗannan hare-haren, kuma mahaifiyarsu har yau ba ta yarda a ambaci sunansa a gabanta, balle a saka hotonsa a intanet.

Ɗan Damaturu:
Hajiya, wannan gaskiya ne, kuma ba zan saka hoton ɗan kowa ba sai da izinin iyayensa. Abin da nake nema bai kai nan ba. Akwai tsofaffin ɗaliban makarantar da suka tsira a wannan daren, yanzu manya ne, wasu sun gama jami'a, kuma kowannensu ya san wanda yake kwana a gadon da ke kusa da nasa. Idan aka bi su aji-aji, ɗaki-ɗaki, za a iya sanin ko 29 ne ko 59 ko wani adadin daban. Na san mutum huɗu daga cikinsu, zan fara tuntuɓarsu a wannan makon. Barista, idan jerin ya haɗu, wace hukuma ce doka ta ce a kai wa, kuma shin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 za ta iya tilasta wa ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fito da rajistar makarantar ta wannan zangon?

Lauyan Talakawa:
Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata, idan ta ƙi ana iya zuwa kotu. Za su iya fakewa da cewa bayanan sirrin mutane ne, don haka a fara da neman adadi kawai, na waɗanda ke cikin rajista kafin harin da na waɗanda aka mayar wasu makarantu bayansa. Turo mini lambarka ta akwatin sirri, zan rubuta wasiƙar a daren nan.